Kwamfuta na ɗaukewa ita kaɗai? Ga yadda zaka gano matsalar kafin a ce maka "sai fomatin"

Kwamfutar da take mutuwa kana tsakiyar aiki, ko ta kawo shuɗin sikirin ta sake tashi, ko ta sandare maus baya motsi kibod baya motsi, kusan kullum akwai alamar da take nunawa ta abin da ke damunta, matsalar dai ba a tsayawa a duba. Ana kaita shago sai kaji an ce sai fomatin, a goge komai a sa sabuwar Windows, bayan kwana biyu ta koma gidan jiya, don fomatin baya cire ƙura daga fanka kuma baya gyara cajar jabu. Ni a wajena fomatin shi ne abu na ƙarshe. Abin da zamu yi shi ne mu bi ta daki-daki, kuma don Allah abu ɗaya zaka dinga canzawa a lokaci ɗaya sannan ka gwada, in ka canza caja ka cire ram (ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta) ka goge manhaja duk a rana ɗaya ta daina, toh baka san wanne ne ya gyara ta ba, ran da ta dawo baka da ta cewa.

Tun kafin komai, yanzu da take kunnuwa, kwashe fayil ɗinka masu muhimmanci ka zuba a filash ko Google Drive. Furojet ɗin makaranta, hotunan biki, lissafin shago. In kuma Windows 11 ce ka shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey a wayarka ka duba ko akwai mabuɗin BitLocker naka (tsarin da Windows ke kulle fayil da shi), lamba 48 ce, ka rubuta ta a takarda, don wasu kwamfutocin suna zuwa da haddis (ma'ajiyar fayil) a kulle mai su bai ma sani ba, sai an taɓa BIOS (shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi) ko an canza madabod (babban allon da kayan ciki ke jone a kai) ta nemi lambar.

Mataki na ɗaya: kula da yadda take mutuwa

Wannan ne rabin aikin. In ta ɗauke ɗif lokaci ɗaya, sikirin yayi baƙi, fanka ta tsaya, ba saƙo ba komai, toh ka fi zargin zafi ko wuta. In shuɗin sikirin take kawowa da rubutu (a sabuwar Windows 11 baƙi ne yanzu) toh Windows ce ta tsayar da kanta, nan kuma direba (ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa na'ura da ita) ko ram ko haddis ake tuhuma. In sandarewa take yi hoton yana nan amma ba abin da ke motsi har sai ka danne maɓallin kunnawa, yawanci haddis ne ko ram ko direban hoto. In kuwa cikin ladabi take rubuta Shutting down ko Restarting sannan ta tafi, wannan ba lalacewa bace, wani abu ne ya bata umarni, ko abdet (sabuntawar Windows) ko wata manhaja ko batir ya kai ƙarshe.

Sannan ka lura da lokaci. Bayan minti ashirin da kunnawa take yi? Sai kana kallon bidiyo ko gem ko Zoom? Sai an tada janareta? Sai ka zare caja? Sai ka ɗaga ta ko ka motsa murfin? Sai da rana tsaka, da asuba lafiya lau? Ka samu takarda ka dinga rubutawa, rana da lokaci da abin da kake yi, kwana biyu ko uku ya isa kaga inda abin ya dosa. Kuma ka tambayi kanka me ya canza kwanan nan, sabuwar caja, ƙarin ram, firinta, wata manhaja da aka tura maka a filash, ko yaro ya yar da ita ba a gaya maka ba, wannan na ƙarshen kam sai ka yi tambaya cikin lallami.

Mataki na biyu: tambayi Windows da kanta

Danna maɓallin Windows da R tare, ƙaramin akwati zai fito, rubuta perfmon /rel ka danna Enter. Zai nuna maka jadawali rana-rana, duk ranar da aka samu matsala akwai jan da'ira mai X, ka danna ta zaka ga ko wata manhaja ce ta faɗi ko an rubuta Windows was not properly shut down. Wannan ya fi sauƙin karantawa ga wanda bai saba ba.

In kana son ƙarin bayani, Windows da R kuma, rubuta eventvwr, Event Viewer zai buɗe, shiga Windows Logs, sai System, a gefen dama akwai Filter Current Log, a wajen lamba ka rubuta 41,1001,1074,6008. Lamba 6008 tana gaya maka lokacin da ta mutu ba shiri. Lamba 1074 ita ce ta mutuwar ladabi ɗinnan, zata faɗi sunan manhajar da ta bada umarnin kashewa. Lamba 1001 mai suna BugCheck tana nufin an yi shuɗin sikirin ko da baka gani ba. Ita kuma 41 mai suna Kernel-Power mutane da yawa suna ganinta sai su ce ai shikenan fawa fak (akwatin da ke raba wa kayan cikin desktof wuta) ne, a'a, ba haka bane, ma'anarta kawai kwamfuta ta tashi ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, ko kai ka danne maɓalli ma zata fito. Amfaninta yana cikin Details, ka duba BugcheckCode, in 0 ne toh Windows bata samu damar rubuta komai ba, wato ko wuta ce ta yanke mata ko zafi ko sandarewa, in kuma wata lamba ce ba 0 ba toh shuɗin sikirin ne.

Wasu kwamfutocin suna yin shuɗin sikirin su sake tashi da sauri baka ma iya karantawa. Ka hana ta: Windows da R, rubuta sysdm.cpl, shiga Advanced, ƙarƙashin Startup and Recovery danna Settings, cire alamar da ke kan Automatically restart. Daga nan in ta yi zata tsaya, ka ɗauki hoto da waya. Rubutun da ke ƙasa shi ake so. MEMORY_MANAGEMENT yana yawan nuni ga ram, KERNEL_DATA_INPAGE_ERROR ga haddis ko ram, VIDEO_TDR_FAILURE direban hoto ne, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuma kayan ciki ne suka kai ƙara, zafi ko wuta ko firosesa (abin da ke yi wa kwamfuta lissafi). DRIVER_IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL kusan kullum direba ne, wani lokacin har sunan fayil ɗin mai ƙarewa da .sys zai rubuta maka. Akwai ƙaramar manhaja kyauta BlueScreenView da take karanta fayilolin da ke C:\Windows\Minidump ta jero maka su.

Mataki na uku: wuta

In laftof ce gwajin mai sauƙi ne. Yi aiki da ita a kan batir kaɗai, ba caja. Sannan in batir ɗin na waje ne mai ciruwa, cire shi ka yi aiki da caja kaɗai. In a batir kaɗai take mutuwa, misali tana kashi 40 sai ta ɗauke, batir ya gaji. Don ka tabbatar, nemo cmd a Start, buɗe shi ka rubuta powercfg /batteryreport, zai gaya maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe ka kwatanta Design Capacity da Full Charge Capacity, in na biyun ya sauko ƙasa da rabin na farko toh batir ɗin ya gama nashi. In kuma kaga wajen maus ɗin laftof ya tasa ko ƙasanta ya buɗe baki, batir ya kumbura kenan, kar ka sake caja kar ka danna shi kar ka huda shi, a cire shi kawai, wannan yana iya kamawa da wuta.

Caja kuma ka juya ƙasan laftof ɗin ka karanta abin da take buƙata, HP da Dell yawanci 19.5V, Lenovo yawanci 20V, sannan ka duba wat, 45W ko 65W ko 90W. Cajar da ta fi wat ba matsala in dai bolt ɗin ɗaya ne, amma wadda ta gaza ita ce ke sa kwamfuta ta yi ta wahala da zarar aiki yayi nauyi. Cajojin jabu suna rubuta 65W a jiki amma ka ɗaga kaji ba nauyi ko kaɗan, kuma suna zafi sosai, wani lokacin ma maus ɗin jikin laftof sai ya dinga tsalle in an jona su. A Dell in ka shiga BIOS da F2 zai nuna maka wat ɗin cajar, in ya ce Unknown toh bai gane ta ba. Ari cajar wani mai irin taka wadda ka san ta asali ce ka gwada kwana ɗaya, ya fi ka je ka sayi wata a makance. Ka kuma ɗan motsa bakin cajar a hankali a inda take shiga, in fitilar caji tana ɗaukewa tana dawowa toh ramin ne ya saki.

Desktof ita bata da batir, duk abin da wutar gida ta yi a jikinta yake ƙarewa. Wutarmu ya kamata ta zama 230V, amma kowa ya san akwai ranar da ake kawo wadda ƙwan fitila ke yin ja fanka na juyawa da ƙyar, irin wannan desktof zata yi ta ristatin. Haka in kuna kan ƙaramin janareta, firij ya tashi ko aka kunna injin jan ruwa ko dutsen guga, wutar ta ɗan nutse na daƙiƙa ɗaya, ya isa ya kashe ta. Toh fara cire ta daga ekstenshin ɗinnan mai tartsatsi ka jona kai tsaye a soket ɗin bango, a wani ɗakin ma in da hali, ka canza wayar wutar da ke shiga bayanta. In kana da UPS (akwatin batir mai riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke) kar ka ɗauka ka tsira, batir ɗin ciki na ƙananan yawanci 12V 7Ah ne kuma shekara biyu zuwa uku yake yi, a zafin nan namu ma baya kaiwa. Gwada shi, ajiye aikinka sannan ka zare UPS ɗin daga bango kwamfuta na kunne, in ta mutu nan take toh ka gano ɓarawon. Masu sola kuma, wasu fawa fak basa jituwa da inbata mai arha wadda wutarta ba tsaftatacciya bace, ka gwada ta a wutar NEPA ka gani ko zata daina.

Shi fawa fak ɗin kansa, akwatin ƙarfen da waya ke shiga, yana tsufa, alamarsa ita ce kwamfuta tana lafiya a aiki mara nauyi amma da ka buɗe gem ko aikin bidiyo ta ɗauke, alhali zafi bai hau ba. Hanyar gwadawa a gida ita ce a sa wani a gani. Kar ka kuskura ka kwance murfinsa, akwai abubuwan da ke riƙe wuta a ciki ko bayan an zare filogi. Kuma tsofaffin desktof na gwanjo da suka fito daga Amurka wasu suna da jan makunni a baya mai 115 da 230, ka tabbata yana kan 230, in yana 115 ka jona a nan ƙara ɗaya zaka ji.

Mataki na huɗu: zafi, a nan zamu daɗe

A ƙasar Hausa in kwamfuta ta ce ɗif ba saƙo, ni zafi nake fara zargi kafin komai, don abubuwa biyu sun haɗu mana, ƙurar hunturu ta shiga ta cika ta daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sannan bazara ta zo a Maris da Afrilu da Mayu garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai zafi ya haura digiri 40, iskar da fanka ke zuƙowa don sanyaya firosesa ita kanta mai zafi ce. Firosesa kuma an yi ta ne da tsaro, in ta kusa iyakarta sai ta rage gudu, shi yasa kake ganin kwamfuta ta fara nauyi fanka na ihu kafin ta mutu, in rage gudun bai isa ba sai ta kashe kanta don kar ta ƙone. Iyakar yawancin na Intel tana wajen digiri 100.

Sauke HWMonitor ko HWiNFO ko Core Temp, duk kyauta ne, daga shafinsu na asali. Buɗe ka bar shi a gefe. Ba ka komai, digiri 40 zuwa 55 daidai ne, a ɗaki mai zafi zai iya ɗan fin haka. Kana aiki mai nauyi 70 zuwa 85 ba laifi. In kuwa ba ka komai tana 75 ko 80, ko ka buɗe YouTube kawai ta haura 95, toh ba sai an je da nisa ba. Wasu HP ma da kansu suke faɗa in ka sake kunnawa, saƙo mai lamba 90D na zafi ne, 90B na fanka ne, Lenovo ThinkPad kuma tana rubuta Fan error.

Fara da abin da baya buƙatar sukundireba. Sauke ta daga kan katifa da filo da kafet da darduma, ramukan iskar suna ƙasa, ka ɗora ta a tebur ko faranti ko katako, ka ɗan ɗaga bayanta da wani abu don iska ta ratsa. Sa hannu a inda iska ke fita, in kana jin ƙarar fanka amma iska bata fitowa sosai, hanyar ta toshe. In ba ƙara ba iska ko da tayi zafi, fankar ta mutu. Desktof kuma a ɗaga ta daga ƙasa, a fito da ita daga lungun da aka cusa ta a jikin bango, kuma a cire ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi lokacin da take kunne, rufewa sai an kashe.

Akwai dabarar wucin gadi kafin ka samu lokacin buɗewa: Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, Processor power management, Maximum processor state, mayar da shi 80 ko 90. Zata ɗan rage sauri amma zafin zai sauka, in ta daina mutuwa bayan haka ka ƙara samun hujja.

Yanzu buɗewa. Kashe ta gaba ɗaya, zare caja, cire batir, danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita. Nemo bidiyon yadda ake buɗe ainihin samfurin taka a YouTube, sunan yana ƙasanta, don wasu kusoshin suna ɓoye ƙarƙashin robar ƙafa ko sitika. Taɓa ƙarfen ƙofa ko taga kafin ka sa hannu ciki, musamman da hunturu, lokacin da bargo ma ke ɗan jan mutum, wannan 'yar wutar ta jiki tana iya kashe ram ko madabod. In batir na ciki ne, shi zaka fara zare wa waya da zarar ka ɗaga murfi. Ka ɗauki hoto kafin ka cire komai, kusoshi kuma ka jera su a takarda yadda ka ciro su don tsawonsu ba ɗaya bane, doguwa in ta shiga ramin gajera sai ta ɓullo ta sama.

Inda ƙurar take taruwa ba a kan fankar bane kawai, tsakanin fanka da siraran ƙarafan da iska ke ratsawa ta fita ne, sai ka kwance fankar zaka ganta ta dunƙule kamar audugar tsohuwar katifa, ka zare ta da tsinke ko tsohon buroshin haƙori busasshe. In zaka hura da bulowa ka riƙe fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa da ƙarfi, yana lalata ta. Ba ruwa, ba jiƙaƙƙen tsumma, kuma ba hurawa da baki.

In kwamfutar ta shekara uku ko huɗu ba a taɓa buɗe ta ba, ko 'yar gwanjo ce da baka san tarihinta ba, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, wanda a shago ake kira tamal fes, ya riga ya bushe. Kwance kusoshin ƙarfen, yawanci akwai lamba 1 zuwa 4 a jiki, ɗaga shi a hankali kar ka lanƙwasa bututun jan ƙarfen, goge tsohon man a ɓangarorin biyu da auduga da sifirit har ya yi ƙal, bar shi ya bushe, sa sabo ɗigo ɗaya wajen girman ƙwayar shinkafa a tsakiya, mayar da ƙarfen ka ɗaure kusoshin bi da bi a gicciye, kaɗan-kaɗan, kar ka ƙure ɗaya kafin sauran. Arctic MX-4 mai kyau ne in ka samu na gaske, a Beirut Road ko Farm Centre a Kano ana samun irin waɗannan kayan. Man goge baki da wasu ke cewa a sa, wallahi kar ka soma. Kuma kar ka manta ka mayar da wayar fanka kafin ka rufe, abin da aka fi mantawa kenan. Kunna ka sake duba HWMonitor ka kwatanta da lambar da ka gani da farko.

Mataki na biyar: ram

Windows da R, rubuta mdsched.exe, zaɓi ta sake tashi ta gwada. In ta gama sakamakon yana Event Viewer ƙarƙashin System da sunan MemoryDiagnostics-Results. Wannan gwajin bashi da zurfi, wanda ya fi shi MemTest86 ne, ana sa shi a filash a tada kwamfuta da shi, ka bar shi ya yi zagaye huɗun nan nashi, da dare ya fi in akwai wuta, kuskure ɗaya ma ya isa.

Kafin ka ce ram ya mutu, cire shi, goge haƙoran nan masu ruwan zinare da kilina ta fensir a hankali, kaɗe burbushin, mayar har kaji ya ce ƙas. In guda biyu ne gwada ɗaya-ɗaya, kowanne a kowane rami, haka zaka gane ko ram ɗin ne ko ramin. Wanda aka yi wa ƙarin ram kwanan nan ya duba, DDR3 da DDR3L kamarsu ɗaya suna shiga rami ɗaya amma na farko 1.5V ne na biyu 1.35V, laftof masu Intel zubi na huɗu DDR3L suke so.

Mataki na shida: haddis

Sauke CrystalDiskInfo. Good mai shuɗi lafiya, Caution mai ruwan ɗorawa ya fara tafiya, Bad mai ja kuwa kwashe kayanka yau ba gobe ba. In tsohon haddis ne mai juyawa kuma kana jin ƙas-ƙas a ciki ko kwamfuta na sandarewa in ka buɗe wata folda, kar ka yi masa chkdsk /r kafin ka kwashe fayil, gwajin yana wahalar da shi, mai rauni zai iya ƙarasawa a nan. Maganinsa canji ne, ka sa SSD (sabuwar ma'ajiya wadda bata juyawa), tsohuwar kwamfuta ma sai ta farfaɗo. HP tana da gwajinta, danna Esc tana tashi sannan F2, Dell kuma F12 sai Diagnostics, suna gwada ram da haddis da batir ba tare da Windows ba.

Mataki na bakwai: direbobi da manhajoji

Sai yanzu muka zo inda masu fomatin ke farawa. Direba ɗaya mara kyau ya isa ya kada Windows, a ranar 19 ga Yulin 2024 abdet ɗin kamfanin tsaro na CrowdStrike ya sa kwamfutoci kusan miliyan 8.5 shuɗin sikirin a duniya, har jirage suka kasa tashi, kuma duk kayan cikinsu lafiya lau suke.

Shiga Safe Mode, yanayin da Windows ke tashi da direbobi kaɗan kawai: riƙe Shift ka danna Restart, sai Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, danna 4. In a can tana zama awa da awanni bata faɗuwa, zargi ya koma kan direba ko manhaja, sai dai ka sani Safe Mode baya wahalar da firosesa, don haka mai matsalar zafi ma zata iya yin lafiya a can, shi yasa muka duba zafi kafin nan. In matsalar ta fara bayan abdet, Settings, Windows Update, Update history, Uninstall updates, cire na ƙarshen. In direba ne, Device Manager, danna dama a kan na'urar, Properties, Driver, Roll Back Driver, ko ka sauke na asali daga shafin HP ko Dell ko Lenovo da lambar samfurinka. Waɗannan manhajojin da ke cewa zasu sabunta maka direbobi duka da dannawa ɗaya, ka bar su, sun fi ɓatawa.

Buɗe cmd da Run as administrator, rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wannan yana son intanet, in ya gama sai sfc /scannow. Antibairus biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi, cire ɗaya, ni da zaka bi tawa ka bar Windows Security kaɗai, a ciki akwai Microsoft Defender Offline scan, ka yi shi. Manhajojin kirak (na kuɗi da aka fasa don a yi amfani da su kyauta) da ake turawa a filash wasu suna zuwa da abin haƙar kirifto a ɓoye, buɗe Task Manager da Ctrl, Shift da Esc, in kaga CPU, wato firosesa, na kashi 90 ko 100 alhali ba ka buɗe komai ba toh ga abin da ke dafa maka kwamfuta nan. Ka kuma kashe Fast Startup a Power Options, ƙarƙashin Choose what the power buttons do, yana rikita wasu tsofaffin kwamfutoci. Masu Windows 10 su sani Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoban 2025, masu Windows 7 kuwa tun Janairun 2020.

Gwajin da ke raba gardama

In har yanzu baka gane ba, yi biyun nan. Shiga BIOS, F10 a HP, F2 a Dell, F1 ko F2 a Lenovo, ka bar ta a nan minti talatin ko awa ɗaya. In ta mutu a cikin BIOS, Windows bata ma tashi ba, fomatin dubu ba zai yi komai ba. Na biyu, sa Linux Mint ko Ubuntu (madadin Windows ne) a filash da manhajar Rufus, tada kwamfutar daga filash ɗin ba tare da ka girka ba, ka yi ta kallon bidiyo da buɗe shafuka. In nan ma ta ɗauke, kayan ciki ne. In ta yini lafiya, zafi daidai, ram da haddis sun ci gwaji, toh yanzu kam sabuwar Windows tana da ma'ana, ka sauke ta daga shafin Microsoft, ba wadda aka yi wa kwaskwarima ba.

In kayan ciki ne kuma ka riga ka cire zafi da caja da batir da ram da haddis daga lissafi, saura madabod, ko ramin caja, ko maɓallin kunnawa da ke maƙalewa, a desktof ma ka leƙa ko akwai ƙananan gwangwanayen nan na kan madabod da kansu ya kumbura ko suka yi tsatsa. Wannan aikin mai gyara ne. Tafi da cajarka, da takardar da ka rubuta lokutan, da hoton shuɗin sikirin, ka gaya masa abin da ka riga ka gwada don kar ya maimaita ya caje ka. Rubuta girman ram da haddis ɗinka da lambar batir kafin ka miƙa, ka ce kar a goge komai kuma kar a canza komai sai an kira ka, duk abin da aka cire a baka tsohon a hannu. In aka ce madabod ne sai canji, tambayi kuɗin sannan ka tambayi kuɗin wata ta hannu irinta a kasuwa kafin ka amsa, in sun kusa kai ɗaya ka cire SSD da ram ɗinka ka sa a wadda zaka saya.